Ranar da Raƙumi Ya Gurfana a Banifandu

Bari in fara da wautata, don idan ban faɗa da bakina ba Madam Hadiza za ta faɗa muku, ita kuwa gishiri take ƙarawa. Satina na farko a ɗakin injuna, na shiga na tarar da sanyi kamar cikin firigo, ga injuna a jere suna ta ɗan kukansu. Tausayi ya kama ni. Na je gida na ɗauko bargon maiɗakina, na lulluɓe na can ƙasa wanda iskar kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ke duka, na kuma rage kilim ɗin don kada kuran, wutar lantarki ke nan, ya tafi a banza. Kafin la'asar injin ya ɗauki zafin da za a toya masa a bayansa, ya kashe kansa. Madam ta zo ta ɗaga bargon da yatsu biyu, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Baba Illo, saura ka dama masa kunu." Bargon yana nan a kabad ɗin biro, wato ofishinmu, har yau, ana nuna wa sababbin shiga.

Na gaya muku wannan ne, ku ƴan staj masu koyon aiki, don ku san irin kan da ke yi muku magana. Aji biyu na yi a lakol a Tawa, na gudu, saboda mushe, malamin ajinmu, ya fi sha'awar bayana a kan allona. Na zo Yamai na tura amalanke a kasuwar Wadata, har wani ɗan Togo mai aikin kuran ya ɗauke ni riƙon tsani. A hannunsa na koyi jan waya, da zagi cikin harsuna uku. Ku kuwa kun zo da diflom, kuna buɗe ordinatar, kwamfuta ke nan, ku ce ai dandalin gajimare kyauta ne, a sauke shi kafin shayi ya tafasa. Gaskiya ne. Rijiyar gari ma kyauta ce, amma igiya da guga da ƙashin baya naka ne.

Kayan aikina ba su cika jaka ba: fensar matse kan waya, turnabis, ɗan abin gwaji mai kyafta fitila, injin hura ƙura, sai tef kala-kala da nake yi wa wayoyi shaida tunda karatu ba ya mini sauri. A cikin kowace wayar rezo, wadda ke haɗa injuna da juna, akwai siraran wayoyi takwas, kowace da launinta da mazauninta. Da ɗan Togo ya gaji da maimaita mini, sai na raɗa musu sunayen ƙannena, ina jera su daga babba zuwa auta. Ka sa Habsu gaban Sa'a, waya ba za ta yi magana ba. A gidanmu ma haka abin yake.

Gajimaren nan da kuke ji, ɗaki ne a unguwar Banifandu mai ƙofar ƙarfe. A da kowane ɗan kasuwa yana ajiye ordinatar ɗinsa ƙarƙashin tebur, ƙura ta ci rabi, ɓera ya ci rabi, kuran ya ƙarasa sauran. Madam, Badamagariya ce da ta bar aikin gwamnati, ta ce su kawo lissafinsu da takardunsu mu riƙe musu, su dinga shiga daga butik ta waya. Dandali shi ne manhajar da ke bisa injunan. Shi ke haɗa su su zama gida guda, ya yanka ɗakuna, ya ba kowane ɗan haya nasa da makullinsa. Idan bango ya tsage a wani ɗaki, ya kwashi mai ɗakin ya kai shi wani, bai ma farka ba.

Wannan na ƙarshen ne ya kusa kore mana babban abokin ciniki tun ranar farko. Alhaji Mati, Bamaraɗe mai sarin shinkafa da mai a Wadata, ya ce ba ya ba da ajiya sai ya ga sito. Aka shigo da shi, ya naɗe babbar riga saboda sanyi, ya dubi injuna sama da ƙasa.

"To, ina nawa?"

Injiniyanmu Lawali, mutumin kirki amma mai faɗin gaskiya ko ba a buƙatarta, ya ce, "Alhaji, naka ba ya zama wuri guda. Yau yana cikin wannan, gobe yana cikin wancan."

"Ajiyar da ke yawo, ajiya ce?" in ji Alhaji, ya juya zai fita.

Sai na yi wuf na dafa wani inji na tsakiya. "Ga shi nan, Alhaji. Yaron baƙo ne, bai gama sanin gidan ba."

Alhaji ya ciro jan zare daga aljihu, irin wanda suke yi wa buhu shaida, ya ɗaura a hannun injin. Daga ranar, in ya taso daga masallacin Juma'a yakan biyo ya leƙa zarensa. Shi ya jawo mana rabin mutanen layinsu. Madam ta harare ni, amma ba ta kwance zaren ba.

Da farko manhajar wasu Turawa muke haya. Ana nan suka tsawwala, sai Madam ta ce mu koma buɗaɗɗiya, wadda ba ta da mai ita, kowa na iya buɗe cikinta ya gani, ya gyara, ya ƙara. Suna da yawa. Ita da Lawali suka yi ta tankaɗe: wannan ba ta hawa tsofaffin injunanmu na hannu, waccan masu kula da ita sun watse, wata kuwa in ka shiga da kayanka fitar da su sai an yi shari'a. Suka duba ko akwai jama'a a intanet masu amsa tambaya, da ko ana samun mai amsawa da Faransanci. A ƙarshe biyu suka rage. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai na kira ɗaya Raƙumi, ɗaya Jaki, har biro duka ya ɗauka.

Raƙumi babba ne, gaɓoɓinsa da yawa, kowace gaɓa da aikinta. Manyan kamfanonin duniya shi suke hawa. Ɗan haya na iya yanka wa kansa ɗaki ba tare da ya kira kowa ba, kuma ko injuna dubu ka ɗora masa zai ɗauka. Jaki kuwa allo ɗaya gare shi, abin da ka gani shi ke nan. Lawali na son Raƙumi. Madam ta karkata ga Jaki.

"Madam, gobe in banki ya zo mana, a jaki za mu ɗora shi?"

"Kai dai bari bankin ya zo. Yanzu shinkafar Alhaji muke ɗauka."

"Wanda ya gina ɗaki daidai tsawonsa, ranar da ya yi miƙa sai ya fasa bango."

"Wanda ya gina fada shi kaɗai kuwa, shara ke kashe shi."

Aka yi ta wannan har azumi ya zo ya wuce. Ran nan Madam ta dube ni ina hura ƙura, ta ce, "Tunda muna da maɓarnaci a gida muna ciyar da shi, a yi amfani da shi mana."

Ga yadda aka yi. Aka raba injunan gwaji gida biyu, rabi Raƙumi, rabi Jaki. Aka ba ni izini in cire duk wayar da na ga dama, a duk lokacin da na ga dama, ba sallama. Wanda ya fi jurewa shi za a ɗauka. Jama'a, tunda nake aiki ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Shekara da shekaru ana zagina don na ɓata abu, yau ga shi ɓarnar ce aikin. Nakan jira Lawali ya kai loma bakinsa in fizge wayar rezo. Nakan jira a zuba shayi na biyu in zare faifan ajiya da ransa. Wata rana na yi kamar zan fita alwala, na dawo da sanɗa na kashe inji guda ɗungurungum.

Jaki in an taɓa shi yakan yi tuntuɓe. Allo ya tsaya, a ɗan jira, ya miƙe, wani lokaci sai an kama masa kunne. Raƙumi ko gezau. Lawali ya tsara masa komai uku-uku, ka cire ɗaya biyu su riƙe. Da aka zo yanke shawara har ni aka tambaya, na ce Raƙumi. Dalilina kuwa ba na ilimi ba ne. Raƙumi ya fi cin injuna, injuna sun fi cin waya, waya kuwa ita ce tuwona. Ban da haka Lawali yakan saya mini tsire. Madam ta ce gwaji ya yi magana, ita ta sa a yi shi, ba za ta ƙaryata shi ba. Aka ɗauki Raƙumi.

Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu, duk lokacin da na cire waya Lawali yana kan kujerarsa. Allo muke kallo mu ga Raƙumi bai faɗi ba, ba ma kallon yatsun da ke bi a hankali suna mayar da kowace gaɓa mazauninta. Ba ɓoyewa yake yi ba. Shi kansa bai ɗauke shi aiki ba, kamar yadda Buzu ba ya lissafa ɗan tsakin da yake yi wa raƙuminsa.

Aka shekara biyu lafiya lau. Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka rufe iyakoki, kuran ya zama baƙo mai leƙowa ya koma. Baturan da muka yi oda suka maƙale a hanya, tsofaffin kuwa sun gaji. Gurup ɗinmu, janareta ke nan, ya koma aiki kamar jakin ɗiban ruwa. Ana tsakiyar bazara, zafin da ke narka kwalta, aka aiko wa Lawali mahaifinsa ya rasu a wani ƙauye can bayan Dakoro. Shi ne babban ɗa. Madam ta ce ya tafi, kada ya waiwayo.

Kashegari da hantsi kuran ya tafi. Gurup ya ɗauka, ya yi ta fama har bayan azahar, sai tiyon ruwansa ya fashe. Kafin makanike ya iso daga Wadata batura sun zube. Injuna duka suka mutu lokaci guda. Ban taɓa jin shirun ɗakin nan ba sai ranar. Ni da na yi ta cire waya ɗaya-ɗaya, ban taɓa tunanin in cire gidan gaba ɗaya ba.

Da wuta ta dawo fitilu suka kama, fankoki suka juya, amma Raƙumi ya gurfana ya ƙi tashi. Madam ta yi mini bayani daidai kaina. Akwai injuna uku masu riƙe da sanin wane ɗaki na wane ne. In ɗaya ya faɗi, biyun su tashe shi su gaya masa abin da ya wuce. Amma da suka faɗi tare, sai suka zama kamar dattawa uku a bakin ƙofa, kowa na cewa bismillah, kai fara. Kayan mutane suna ciki, ko ƙwaya ba ta ɓata ba, amma ba mai shiga. Ta tambayi mutanen intanet. Wani bawan Allah daga wata uwa duniya ya amsa, ya ce a tura ɗaya gaba da ƙarfi, amma a tabbata shi ne wanda ya yi barci a ƙarshe, in ba haka ba za a yi ɓarna. Ya kuma tambayi yadda aka tsara gidan. Wannan kuwa yana cikin kan Lawali. Madam ta ce ba ta caca da kayan mutane.

Da safe sai ga Alhaji Mati, yaronsa na biye da kujera. Motocinsa na tsaye a Wadata, ƴan dako na zaune a inuwa, ba a san buhu nawa ke wane sito ba balle a yi lodi. Ya sa aka dasa kujerar a ƙofar ɗakin injuna.

"Illo, zarena yana nan?"

"Yana nan, Alhaji."

"To, ciro mini injina in tafi da shi. Zan sami mai buɗewa."

Madam ce ta fito ta gaya masa gaskiyar da Lawali ya faɗa tun farko, cewa kayansa a warwatse suke cikin injunan duka, wannan ɗaya ba zai amfane shi da komai ba. Alhaji ya daɗe yana kallona.

"Ashe yaron nan Lawali ne ɗan gida, kai ne baƙo." Ya miƙe. "Hajiya, ina ganin mutuncinki. Zan jira zuwa Juma'a. In na taso masallaci ba a buɗe ba, ni da duk wanda na kawo mun tashi."

In suka tashi, sai mu rufe ƙofa mu sayar da kilim.

Ƙauyen su Lawali ba rezo sai an hau wani tudun yashi. Ko da akwai, na ga Madam ta ɗauki salula ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye. Ba a kiran mutum yana kan tabarmar makokin ubansa a tambaye shi inji. Can ta ce, "Baba Illo, dole biro ya aika gaisuwa. Kai ne babba a cikinmu."

"Gaisuwa kaɗai, Madam?"

"Na ce ka je ka yi gaisuwa." Ta miƙo mini salularta ta biyu. "Akwai hotunan allo a ciki. Ko da wani zai tambaya."

Na hau kar zuwa Maraɗi, na kama motar Dakoro, daga nan ɗan kabu-kabu ya yi ta iyo da ni a babur cikin yashi, ina rungume da goro da sukari. Na iske su ƙarƙashin wata bishiyar bedi, maza a kan tabarmi, Lawali a tsakiya da rawani, kusa da shi ƙanen mahaifinsa, wani dogon tsoho mai suna Malam Tanko. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya haƙuri, ya haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku dangana. Aka shafa fatiha. Malam Tanko ya ce lalle ɗansu yana aiki da mutanen kirki, tunda dattijo ya taso tun daga Yamai. Aka kawo mini fura na sha. Salula na cikin aljihuna kamar garwashi. Ni da bakina bai taɓa kwana da magana ba, ranar na riƙe shi.

Da mutane suka ɗan rage, Lawali ya matso.

"Baba, wa ke hura ƙura da ka taho?"

"Ƙura ta samu hutu."

"Gurup fa?"

"An yi masa sabon tiyo."

"Me ya sami tsohon?"

Na dubi tabarma.

"Baba, Raƙumi fa?"

Na ce, "Allah dai ya jiƙan tsoho."

Sai ya miƙo hannu, ni kuma na sa salula a ciki. Ya duba hotunan, ya tashi ya hau tudu ya kira Madam. Muna hango shi daga nesa yana magana yana zana abu a iska. Ya daɗe. Ya sauko ya ce abin ba ya yiwuwa da baki, gaɓoɓin da za a tasa bi da bi suna da yawa, kuskure ɗaya ya isa. Ya shiga cikin gida wurin mahaifiyarsa, ya fito da jakarsa. Ko gaban alƙali zan rantse ban ce masa ya taho ba.

Mun iso Yamai ranar Juma'a da hantsi. Bai ko wanke fuska ba ya zauna. Ya leƙa cikin dattawan nan uku, ya gane wanda ya yi barci a ƙarshe, ya tura shi gaba, sauran suka bi. Daga nan ya yi ta tashin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Shinkafar da aka ɗora a gidan maƙwabta ba ta nuna ba Raƙumi ya miƙe, ba abin da ya ɓata. Alhaji ya taso masallaci ya iske allonsa na aiki, aka yi lodi a Wadata kafin la'asar. Bai tashi daga wurinmu ba, ko da yake mutum biyu-uku cikin waɗanda ya kawo sun tafi abinsu. Lawali ya juya ƙauye, amma hanya ta cinye shi, ya iske an riga an yi sadakar bakwai babu babban ɗa.

Da ya dawo, shi da bakinsa ya ce a koma Jaki. Madam ba ta ce ai na faɗa ba. Aka yi watanni ana kwashe ƴan haya ɗaya-ɗaya. Kada ku fita nan ku ce Baba Illo ya ce Raƙumi ba shi da kyau. Mai makiyaya goma ya saye shi, zai ji daɗinsa. Mu makiyayi ɗaya gare mu, shi ma ɗan Adam ne mai uwa da uba. Jaki har gobe yana tuntuɓe, kuma akwai manyan ayyukan da muka mayar don ya kasa ɗauka. Amma in ya faɗi Madam na tashinsa, ku ma nan da wata kaɗan za ku iya.

Gwajin ma an sake masa tsari, Lawali ne ya kawo shawarar. Ya ce, "Baba, ka cire duk wayoyin gidan nan, ni ne ka manta." Yanzu kafin a ɗauki kowace sabuwar manhaja, nakan zaɓi wanda ya fi kowa saninta, in karɓe salularsa in sa a aljihu, in raka shi bakin titi ya hau taksi. Sai in dawo in kashe ɗakin gwaji gaba ɗaya, in zauna in sha shayi ina kallon waɗanda suka rage. In sun tashe ta, a ɗauka. In sun kasa, komai kyanta a bar wa masu ita. Saboda haka in kun ga ina yi wa ɗayanku murmushi, ya fara haɗa jakarsa. Jan zaren Alhaji kuwa na mayar da shi kan wani sabon inji. Ya san ba ya nufin komai, amma har yanzu yakan biyo ranar Juma'a ya duba.

Abu guda na tsallake. Ranar da za mu baro ƙauyen, Lawali ya riga ya hau bayan kabu-kabu, ni ina ɗaura takalmi, sai Malam Tanko ya rako ni har bakin hanya kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya yi mini godiyar goro da sukari. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya dubi furfurata, ya yi magana a hankali yadda ba wanda zai ji.

"Malam Illo, mu dai tsakaninmu tsofaffi. Gaisuwa ka zo, ko ɗauka?"

Mai babur ya yi oda, na zare hannuna na hau.